Direbana da muka shekara 19 tare an same shi da hawan jini da suga, in sallame shi ne?

Tambayar da Alhaji ya turo a taƙaice: yana da motocin haya guda 12, bas 8 masu tashi daga Kano zuwa Abuja da Legas, sai manyan motocin kaya 4. Wani kamfani da zai basu kwangilar dako yace sai an kawo takardar shaidar lafiyar kowane direba. Da aka fara da babban direbansa wanda suka shekara 19 tare, sai aka samu jininsa 172/104, suga ma ya hau. Sauran direbobin da suka ji labari sai suka ce su kam ba inda zasu je. Yana tambaya ya sallami mutumin ne ko yaya, wane gwaji ya kamata ayi wa direba, kuma duk bayan wane lokaci.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki ya tsare hanya. Ni likita ne, kuma na daɗe ina duba lafiyar ma'aikata, direbobin manyan motoci na cikin waɗanda suka fi zama a gabana, dan haka zan faɗa maka abinda nake gani ba ɓoye-ɓoye.

Kar ka sallame shi. Amma kuma kar ka bashi makulli gobe da asuba. Abu biyu ne daban kuma mutane suna yawan haɗa su.

172/104 ba ƙaramin hawa bane, amma abu na farko sai a tabbatar haka jinin nasa yake kullum, domin awo ɗaya baya yanke hukunci. Mutum ne da aka ce masa aikinsa ya rataya a kan wannan awon, ƙila ya taso daga tasha cikin rana, ya tauna goro biyu ya kora da shayi mai kauri, yana shiga aka ɗaura masa abin awo ko zama bai gama yi ba. Dole jini ya hau. Yadda ake yi shine ya zauna shiru kamar minti 5, ba goro ba taba ba kofi aƙalla rabin awa kafin nan, a auna sau biyu, a kuma sake wata rana daban. In mai kaurin dantse ne a nemo babban maɗauri, ƙaramin yana ƙara lamba ta ƙarya. To in an yi duk wannan ya sake fitowa haka, gaskiya ne, hawan jini ne.

Me ake yi da irinsa a ƙasashen da suka rubuta ƙa'idar dalla-dalla? A Amurka direban babbar mota da jininsa yake tsakanin 160 zuwa 179 a sama, ko 100 zuwa 109 a ƙasa, takardar wata 3 kacal ake bashi, sau ɗaya, yaje ya sauko dashi zuwa 140/90, in ya sauko a bashi ta shekara. In ya kai 180/110 a take ake dakatar dashi. A Ingila sun fi tsanani ta ɓangaren lambar ƙasa, in ta tsaya a 100 ko sama da haka, ko ta sama ta kai 180, direban bas ko na babbar mota zai ajiye tuƙi har sai an shawo kan abin. Kaga duk cikinsu ba wanda yace a kori mutum, dakatawa ce da magani. Ni a nawa aikin irin wannan ina cewa ya sauka daga doguwar tafiya na sati biyu zuwa huɗu, a fara masa magani, ya dinga zuwa awo. Yawanci da ƙwaya ɗaya ko biyu a rana, irin su amlodipine, jinin yana sauka. Satin farko ne nake so ya kasance ba a kan sitiyari ba saboda wasu suna jin jiri in sun miƙe tsaye kafin jiki ya saba.

Suga kuma, anan ne masu motoci suke fahimtar abin a baibai. Kowa tsoron suga mai hawa yake, alhali a kan titi wanda yake kisa nan take shine suga mai faɗuwa. Mai hawa a hankali yake cin mutum, shekaru, ya taɓa ido ya taɓa ƙoda ya kashe jijiyoyin tafin ƙafa har mutum ya daina jin yadda yake taka birki sosai. Mai faɗuwa kuwa cikin mintuna ne, gumi, rawar hannu, yunwa mai zafi, ganin dishi-dishi, sai kai ya ruɗe, mutum yana riƙe da sitiyari amma baya nan. Kuma abinda yake kawo shi maganin ne, ba ciwon ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga. Glibenclamide, wanda yafi arha kuma aka fi miƙa wa mutane a kemis, shi da allurar insulin su ne masu wannan halin, musamman in an sha ba a ci abinci ba. Yanzu ka ɗauki direban da ya sha ƙwayarsa da asuba, lodi ya ja shi har goma bai karya ba, ya ɗau hanya yana cewa sai Tafa zai tsaya ya ci, ai kaga inda matsalar take. Shi yasa dole likitan da zai rubuta masa magani ya san cewa wannan direban doguwar tafiya ne, ya zaɓi wanda baya faɗar da suga in da hali. A saya masa ɗan na'urar gwajin suga ta yatsa, ba tsada ce da ita ba in ka kwatanta da taya ɗaya. A Ingila direban da yake kan insulin sai ya gwada cikin awa biyu kafin ya tashi, sannan duk bayan awa biyu a hanya, in ya sauka ƙasa da 4 a ma'auninsu, wato wajen 70 a ma'aunin da na'urorinmu suka fi nunawa, ba tuƙi, ya faka ya sha abu mai zaƙi, kuma ko ya dawo daidai sai ya jira minti 45 domin ƙwaƙwalwa bata farfaɗowa da sauri kamar jini. Dabino ko sukari mai ƙwaya ko lemon kwalba kar su rabu da gefen kujerarsa. Lokacin azumi kuma a zauna dashi tun Sha'aban a gyara lokutan shan maganin, ba sai an shiga ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu maganar da ta fi damuna a tambayarka, ba ta mutum ɗayan bace, ta sauran 11 ɗin da suka ƙi zuwa ce. Ba taurin kai bane Alhaji, lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. Sun ga an kai babbansu asibiti lafiya lau, ya dawo ana maganar sallama. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In ka kore shi yau, ka koya wa duk direban da yake gidanka da duk wanda zai zo nan gaba cewa faɗin gaskiya a gaban likita yunwa ce ga iyalinsa, daga ranar ba wanda zai ƙara cewa yana jin jiri ko idonsa baya gani da dare. Ni kuma ka sani rabin abinda nake ganowa ba na'ura ce take nuna min ba, bakin direban ne. Farfaɗiya bata fitowa a gwajin jini. Suma da mutum yayi bara a banɗaki bata fitowa a awon ƙirji. In ya ce min bai taɓa ba, shikenan, bai taɓa ba zan rubuta.

Akwai abinda ya faru a birnin Glasgow na ƙasar Sikotland ranar 22 ga Disamba 2014 da duk mai irin aikina ya sani. Motar kwasar shara ce ta hukumar birnin, direban ya suma a kan sitiyari a tsakiyar gari ana hada-hadar sayayyar Kirsimeti, motar ta hau kan mutane, 6 suka mutu 15 suka ji rauni. Da aka yi bincike sai aka gano ya taɓa irin wannan suman a 2010 lokacin yana tuƙa bas a wani kamfanin, kuma bai faɗa ba a takardun lafiyar da ya cike daga baya. Wannan fa ƙasa ce mai fom da likita da kwamfuta da komai. Duk bai hana ba tunda mutumin ya ɓoye. To ina ga mu da direba zai bar tashar nan ya koma waccan ba wanda ya san tarihinsa?

Na taɓa duba wani dattijo direban tirela, sai da muka gama komai na rubuta lafiyarsa ƙalau, ya miƙe har ya kai bakin ƙofa sai ya dawo ya zauna, yace likita in na faɗa maka wani abu zaka gaya wa mai gida? Nace abinda zan gaya masa kawai shine ko zaka iya tuƙi ko ba zaka iya ba. Yayi shiru, sannan yace wata shida kenan in mota ta haska shi da dare sai komai ya zama fari fat, yakan rage gudu ya bi farin layin gefen titi har ta wuce, wani lokacin yaron motarsa ne yake ce masa oga dama kaɗan. Yanar ido ce a duka biyun. Allon haruffan da na gwada shi dashi da rana a ɗaki mai haske ya karanta shi daidai gwargwado. Aka yi masa aiki ido ɗaya bayan ɗaya, ya koma bakin aikinsa. Da yasan korarsa za a yi wallahi da bai dawo daga ƙofar nan ba, da har yau yaron mota ne idonsa a hanyar Lokoja.

Dan haka kafin ka sake tura kowa asibiti, tara su ka faɗa musu da bakinka, ka kuma rubuta ka sa hannu: kuɗin gwaji naka ne, wanda aka samu da ciwon da ake iya magani ba zai rasa aikinsa ba, kwanakin da aka dakatar dashi za a bashi wani abu da zai riƙe gida, kuma sakamakon gwajin sirri ne tsakaninsa da likita. In da wakilin yuniyan a wurin ya fi, su NURTW ko wacce suke ciki, domin maganar shugaban tasha tana shiga kunnen direba fiye da ta likita. Kuma in zaka ji shawarata kai ma ka miƙa hannunka a auna a gabansu.

Batun kuɗin gwajin ma ba alfarma kake musu ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya a sashe na 8 tace ma'aikacin da aka ɗauka likita ya duba shi kuma mai ɗaukar aikin ne zai biya. Sannan tunda motocinka sun kai biyar ka shiga ƙarƙashin tsarin da hukumar kiyaye haɗurra FRSC ta kawo a 2007 na masu tarin motocin haya, wanda ake kira RTSSS, yana buƙatar kayi rajista dasu, ka samu jami'in da aikinsa shine kula da tsaron tafiya, ka riƙe bayanan direbobi da horonsu da lafiyarsu. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata NSITF take gudanarwa, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ake zubawa, ranar da tsautsayi ya faɗa wa direba a bakin aiki zaka gane amfaninta.

Sai gwaje-gwajen kansu. Ido ne kan gaba kuma shine aka fi yi wa aikin ganin dama. Karanta allo kaɗai bai isa ba, kuma ko shi ɗin sai an rufe ido ɗaya an gwada ɗaya, domin akwai direbobi da yawa da ido ɗaya suke aiki basu ma sani ba. Ma'aunin Amurka kowane ido ya ga 20/40, wato 6/12 a allon da muke amfani dashi, da gilashi ko babu. Gilashi ba aibi bane, ka faɗa musu wannan, da yawa suna ɓoye shi a aljihu dan kar fasinja yace makaho ne zai ja mu. Abu na biyu faɗin gani, wato abinda mutum yake hangowa ta gefe yana kallon gaba. Hawan jinin ido, gilakoma, ta gefe yake fara ci, ba zafi ba ja, mutum zai karanta layin ƙarshe na allo tsaf amma ɗan acaɓan da ya ɓullo ta hagunsa bai ganshi ba. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu wajen mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna dashi, kuma mafi yawansu basu sani ba. Abinda ya ci baya dawowa, sai dai a tsayar dashi da maganin ɗigawa. Saboda haka duk direban da ya haura 40 a kai shi asibitin ido na gaske a auna ƙarfin ruwan idon a leƙa jijiyar, kuna da asibitin ido na ECWA nan Kano, ga cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Mai suga kuma duk shekara a leƙa bayan idonsa. Rarrabe kala ba sai an tsananta ba, in yana bambance ja da kore da ruwan ɗorawa na danja ya wadatar.

Ji, gwaji mai sauƙi ne, a tsaya bayansa kamar taku biyu a yi raɗa mai ɗan ƙarfi, in ya kasa sai a tura shi gwajin na'ura. A duba wuya yana juyawa, kafaɗa da gwiwa da ƙafa suna aiki, a saurari zuciya, in ya manyanta ko yana da hawan jini ko suga a yi masa awon zuciya na na'ura da ake kira ECG. A tsoma takarda a fitsari a ga suga ko alamar ƙoda.

Bacci kuwa, wannan ne ba wanda yake tambaya kuma ni a ganina ya fi hawan jini cin rayuka a hanyoyinmu. Akwai ciwo da numfashi yake ɗaukewa cikin bacci, maƙogwaro ya rufe, mutum ya farka firgigit ba tare da ya sani ba, sau da yawa a awa ɗaya, ya kwana awa takwas ya tashi kamar bai kwanta ba. Alamarsa ƙiba, kaurin wuya, in zagayen wuyan ya haura santimita 40 sai a fara zargi, minshari mai tada maƙwabta, ciwon kai da safe, hawan jinin da yaƙi jin magani, da gyangyaɗi da zarar an zauna. Shi ba zai sani ba, matarsa ce ta sani, sai yaron motarsa da suke kwana tare a Mararrabar Jos ko Ogere. Ni yaron mota nake tambaya: oga yana minshari ya yi shiru kamar ya mutu sannan ya ja numfashi da ƙarfi? In yace eh to a nemi gwajin bacci a asibitin koyarwa. Ana maganinsa da rage ƙiba da wata na'ura da ake sawa a hanci da dare mai hura iska. Ka lissafa da kanka, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya fi tsawon filin ƙwallo ba kowa a sitiyari.

Amma fa yawancin baccin direbobinmu ba ciwo bane, tsarin aiki ne, kuma nan Alhaji sai ka yi haƙuri maganar ta dawo kanka. An yi bincike a Ostireliya an ga mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, tuƙinsa yana lalacewa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Direbanka da bai taɓa kurɓar giya ba, in ya tashi sallar asuba ya wuni jiran lodi ya ɗau hanya da magariba, kafin ƙarfe goma na dare ya shiga wannan halin. A Turai doka ce awa 9 a rana, kuma bayan awa huɗu da rabi sai an huta minti 45, na'ura a cikin motar tana rubutawa. A Amurka direban motar kaya awa 11 sannan hutun awa 10 a jere. Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ce, ga shingaye ga ramuka ga cunkoso, ba yadda za a yi mutum ɗaya ya yi ta cikin wannan iyakar, sai da direba biyu ko kwana a hanya. In kuma kana biyansa ne da yawan zuwa, ko ka yanka masa balas ɗin da sai ya juyo a ranar zai cika, to kai ka rubuta masa takardar tiramol ko baka sani ba.

Wanda ya kawo mu ga ƙwaya. Yawancin direban da yake sha ba dan nishaɗi ya fara ba, dan ya kai ya dawo ne. Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a tasha 200 ne ko 225, kuma a irin wannan yawan yana iya jefa mai lafiya cikin jijjiga irin ta farfaɗiya yana tsaka da tuƙi. Kodin gwamnati ta hana haɗa maganin tari dashi tun 2018 amma bai ɓace ba. Ga wiwi, ga diyazefam, ga haɗe-haɗen shayin da ba wanda ya san me aka zuba. Har maganin mura na halal irin firiton yana sa bacci, a faɗa musu kar su sha in zasu tashi. Gwajin fitsari na ƙwaya yana da kyau ka saka a tsarinka, lokacin ɗauka aiki, bayan duk wani haɗari, sai na ba-zata wanda ake zaɓar suna da ƙuri'a ba wanda manaja yake jin haushinsa ba. Sharaɗi biyu: a rubuce yake sun sa hannu tun farko, kuma a tabbatar kayan gwajin suna kama tiramol, domin da yawa daga cikin na gama-gari basa ganinsa sai an sayi mai layinsa na musamman. In ya nuna akwai, a tambayi mutum magungunan da yake sha a kuma sake tabbatarwa a babban ɗakin gwaji kafin hukunci, ɗan tsinken gwajin nan yana kuskure. Wanda ya zo da ƙafarsa yace ina sha ina so in daina, ni a ganina a sauke shi daga mota a taimaka masa, wanda aka kama a kan sitiyari a buge wannan maganarsa daban.

Akwai ciwukan da dakatarwarsu doguwa ce, bana so in yi maka daɗin baki. Farfaɗiya, a Ingila sai mutum ya shekara 10 bata tashi ba kuma ba tare da magani ba kafin ya ja bas ko babbar mota, kaga a aikace ya bar wannan layin kenan. Shanyewar ɓarin jiki ko ƙaramarta mai wucewa, shekara guda. Bugun zuciya aƙalla sati 6 sannan sai ya ci gwajin motsa jiki. Suman da ba a gano dalilinsa ba shima ajiye makulli ne har a bincika. Irin waɗannan sai a nema musu wani gurbi, kula da lodi, rakiyar kaya, duba motoci kafin tashi, koyar da yara. Mutumin da ya san hanya shekara ashirin ba a rasa abinda zai yi a kamfanin mota.

Abinda kuma ba ruwanka dashi: kar ka sa gwajin ƙanjamau a jerin. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta maida shi sharaɗin ɗauka aiki, kuma ba abinda ya haɗa shi da riƙe sitiyari. Haka ciwon hanta, ina ganin ana korar mutane a kansa ba gaira ba dalili. Takardar da zata zo ofishinka, da wadda zaka miƙa wa kamfanin kwangilar, layi ɗaya ya kamata ta ɗauka: ya dace da tuƙi, ko ya dace bisa sharaɗi kamar sa gilashi ko banda tuƙin dare ko a sake dubawa bayan wata uku, ko bai dace ba a yanzu. Lambobin jini da sunan ciwo su tsaya a fayil ɗin likita. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. A gaskiya ma yadda har 172/104 ɗin nan ya zagaye tasha kowa ya ji, tun nan aka fara kuskure.

Duk bayan yaushe? Ingila sai a shekara 45 suke fara maimaitawa duk shekara 5, daga 65 kuma duk shekara. Amurka duk shekara 2 ne mafi tsawo. Mu da yawancin direbobi ba su da wani likitan da suke gani sai ciwo ya kwantar dasu, ni shekara-shekara nake ba da shawara ga kowa, mai hawan jini ko suga duk wata 3 zuwa 6, sannan bayan haɗari, bayan doguwar jinya, ko in abokan aiki sun ga canji. Ka tsayar da asibiti ɗaya da likitan da zaka zauna dashi ka faɗa masa irin aikin, awa nawa, dare ko rana, fasinja ko mai. Kar ka ce kowa yaje ya kawo takarda, mun san yadda ake samo ta, akwai wadda ake bugawa hatimi ba a ko kalli fuskar mai ita ba, irin wannan zata ci maka kwangila amma ba zata riƙe maka mota a kwanar dare ba. Ka sayi na'urar awon jini ɗaya ka ajiye a ofis, jami'in tsaron naka ya koyi aiki da ita, kuma kafin kowace doguwar tafiya ya kalli idon direba ya tambaye shi awa nawa ya yi bacci jiya, me ya sha, ya karya? Direba ya samu damar cewa yau ban iya ba sau ɗaya-ɗaya ba tare da an yanke masa kuɗi ko an ba wani motarsa ba.

Shi kuma dattijon naka, ka kira shi kai da shi, ba a gaban yara ba. Ka ce masa motarsa tana jiransa. Sati huɗu yana zuwa tasha yana kula da lodi kana bashi abin cefane, a sake awon jinin sau biyu ko uku, a yi gwajin sugan nan na wata uku da ake kira HbA1c, a kai shi asibitin ido, a duba tafin ƙafarsa da ƙodarsa, a tambayi iyalinsa batun minshari. In jinin ya sauko wajen 140/90 kuma maganin sugan ba mai faɗarwa bane, ya fara da Abuja da rana na wata ɗaya ko biyu kafin a maida shi Legas, Legas ɗin ma da na biyu a gefensa. Sauran 11 ɗin ka ɗan jinkirta musu in kamfanin kwangilar zai ɗaga maka ƙafa, ka bari sai ranar da suka ganshi ya karɓi makullinsa sannan ka sa musu ranar asibiti.